Jan Dutsen Gwaggo

Wanda ya shigo Keita yau a motar kasuwa, ya ga itatuwa a bakin korama da fadamun albasa, ba zai yarda ba in an ce masa a nan ruwa ke cin mutane. Da yarintata garin bai wuce ofishin sufurfe mai mulkin yanki da gidan sarki da lakwal, wato makarantar boko, da kasuwa mai ci sau ɗaya a mako ba, sai koramar da ta raba mu da rabin gonakinmu. Yawancin shekara yashi ce zalla, jakuna na birgima a cikinta. Amma in aka yi ruwa can kan tsaunuka, ko da a gari ko ɗigo bai sauka ba, sai ta taso ja wur da ƙugi, ta kwashi duk abin da ta tarar a hanya.

A bakin maƙetara, ƙarƙashin wani babban gawo, akwai tulin duwatsu da ya kai ƙugun mutum. Duk wanda korama ta tafi da shi ba a ga gawarsa ba, sai danginsa su hau tsauni su zaɓo dutse guda su aza a nan, tunda ba kabarin da za su nuna. Tsofaffi sun ce tulin ya girmi gidan sarki, ya girmi ofishin Nasara. Kakanninmu Azna ne suka fara shi tun ba su kama salla ba. Da aka musulunta an daina zuba masa fura, amma ba a daina aza dutse ba. Na sha ganin tsoho ya tsuguna da sandarsa yana nunawa: wannan na gidan maƙera ne, wannan na wani mai raƙumi, waɗannan biyu uwa ce da goyonta. Tarihin garinmu kenan, ba mu da wani a rubuce.

Gwaggo, yayar ubana, ita ta riƙe ni tun daga yaye. Haihuwarta ɗaya a duniya, mace, ta kai budurci, korama ta ɗauke ta ran kasuwa tana dawowa da nonon da aka aike ta saye. Kuma 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa kuka a gaban jama'a. Ban taɓa jin sunan a bakin Gwaggo ba, in dole ta yi sai ta ce “waccan”. Abin da take da shi kawai wani jan dutse ne a cikin tulin, girman ƙaramar ƙwarya, mai ɗan lotsawa a gefe daidai zaman babban yatsa. In za mu gona ko itace, sai ta tsaya a gindin gawo kamar mai gyara gammo, ta duƙa ta sa yatsanta a wurin, ta tashi mu wuce. Tun ina ƙarama na san in kau da kai in ta tsaya.

Bayan babban fari, maza sun watse biɗar abinci, aka kawo furoje, wato shirin taimako, na gyaran ƙasa. Mata ne suka yi aikin. Mu ke tsintar duwatsu a kan tsauni, mu ɗauko a ka, a loda a babbar mota kamyo, a kai inda ake ɗura su cikin ragar waya ana gina baraji don a karya ƙarfin korama. Ana ba mu dawa da mai da madarar gari, kuma a shekarun nan wannan ne ya riƙe gidaje. Da yake na kai aji shida a lakwal, ina jin Faransanci, sai aka ɗora ni kan wani ekip, wato rukunin aiki, na mata. Ban ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har tafiyata ta canza, Gwaggo na yi mini dariya tana cewa ga 'yal lakwal ta zama kwamanda.

Ranar da abin ya faru Gwaggo ba ta gari, ta tafi wajen Allakaye zaman jego na wata 'yar ƙaninta. Duwatsun kusa sun ƙare, sai an hau can sama, ga rana ta take, ga mata da goyo. Kamyo ya daɗe a tsaye yana jiran mu, shaf na shantiye, shugaban aikin, yana duba agogo yana yabon wani ekip a gabana. Raina ya ɓaci. Na waiga na hangi tulin a gindin gawo, duwatsu zaɓaɓɓu, kusa da hanya. Na ce wa matan mu je can.

Sun yi cirko-cirko. Wata dattijuwa ta ce, “Ɗiyata, wanga ba na aiki ba na.” Na ce mata mu Musulmi ne, dutse dutse ne, wannan abin Azna ne da ya wuce. Na faɗe shi da murya irin ta lakwal. Yunwa kuma ba ta barin dogon musu, sai suka bi ni. Ko kaɗan ba addini ne ya sa ni ba, so nake shaf ya ce ekip ɗina ya fi.

A raina na ce zan ware na Gwaggo. Amma aiki ya kankama, hannu da yawa, har aka zo lodin ƙarshe ban gan shi ba. Sai ga shi a kan wata yarinya, ja, lotsawar tana kallona, tana nufar kamyo. Shaf na tsaye a gefena. Kalma ɗaya ce, in ce ta sauke. Sai na ji kunyar ya tambaye ni dalili, in tsaya ina yi masa bayanin dutsen matacce da Faransanci. Ina kallo aka jefa shi ciki. Lodin farko duk barajin bakin gari aka kai su. Wannan na ƙarshe kuwa aka ce a kai barajin sama, bayan gonaki, ni kaɗai a cikin matan na shiga gaban mota na raka shi. A kan idona aka sa jan dutsen a raga ta uku daga gefen gabas, a layin ƙasa, aka ɗaure waya.

Gari ya yi gunaguni kwana biyu. Wasu tsofaffi suka daina amsa gaisuwata. Aka raba dawa, magana ta mutu. Ni kuwa na hau tsauni da sassafe na nemo wani jan dutse mai kama da shi, na aje a gindin gawo, na shafa masa ƙasa.

Da Gwaggo ta dawo, ko kayanta ba ta kwance ba ta ce, “An ce kun kwashe tulin.”

Na ce, “Mun kwashe, Gwaggo, amma naki na hidda shi gehe. Shina nan ƙarƙashin gawo.”

Ta ce in kai ta. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, abu sai na kusa take gani. Ta duƙa, ta shafa dutsen da hannu biyu, ta juya shi, ta daɗe. Can ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, “To, Allah shi yi miki albarka.” Na ce amin, na ji daɗi har cikin raina cewa na tsira.

Ƙarya ba ta tsaya nan ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu, Kirista, wadda ta tashi a kusa da asibitin mishan da ke wajen Madawa. Ta duba idon Gwaggo ta ce wannan yana ce, ana cire ta a can, in an yi sauri. Na ce sai bayan girbi. Girbi ya wuce na ce sai sanyi ya sauka. Lokacin na samu aikin buga takarda a ofishin sufurfe, ba abin mota ne ya gagare ni ba. Tsoro nake ta warke ta ga dutsen da idonta. Damina biyu na ja. Da na kai ta, aka ce ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan aka ceto kaɗan. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu da nake rubuta shi.

Da ta dawo daga asibiti ta je gindin gawo, ta duƙa kamar kullum, ta tashi muka wuce. Na sake cewa na tsira.

Daga nan zama ya miƙe. Na yi aure, na haihu, Gwaggo tana ɗakinta a gidana. Baraji ya yi aikinsa, korama ta yi laushi, ƙasa ta taru a bayansa, aka fara albasa da tumatir inda da yashi ne. Aka daina ce wa ofishinmu na sufurfe aka koma cewa na farfe, aka yi kwaleji, aka ja wuta. Abu ɗaya ne ya riƙa damuna da ita: in na taso daga aiki sai in tarar da yatsunta duk yanka, wani na jini, wani ya fara ƙurji. In dafa ruwan gishiri in zaunar da ita ina wankewa ina faɗa.

“Mi ya same ki ga hannu kuma?”

“Kaba ta, 'yal lakwal. Ku masu alƙalami ina kunka san kaba.”

Tana saƙar tabarma, gaskiya ne. Na hana ta, na ɓoye kabar, na ce mutane za su ce ba na ciyar da ita. Yankan bai daina ba. Ni da na yi shekaru ina ɗura dutse a ragar waya, da na san yadda bakin waya ke tsaga fata, ban taɓa tsayawa na dubi yankan nan da kyau ba. Ina jin ban so in gane ba ne.

Gwaggo ta rasu da rani, bayan gajerar jinya. Ran addu'ar uku, da mutane suka ragu, maƙwabciyarmu ta matso kusa da ni. Tana cikin ekip ɗina a da, tana cikin waɗanda suka bi ni gindin gawo. Ta ce yanzu wa za ta riƙa rakawa baraji, ga shi ta saba.

Na ce wane baraji.

Ta dube ni ta ce, “Ke ba ki sani ba? In kin tahi biro wurin aikinki, ni ka kai ta barajin bakin gari. Raga-raga take bi, tana sa hannu tsakanin waya tana lalube. In ta gaji mu aza tsinke inda munka tsaya, wata rana mu ci gaba. Mun kai ƙarshe mun sake ya fi a ƙirga.”

Na ce, “Ai dutsenta na gindin gawo.”

“Tun rad da kik kai ta tas sani. Tac ce wanga ba shi da wurin yatsa.”

Na tambaye ta don me ba ta tambaye ni ba. Ta ce ita ma ta sha gaya mata haka. Gwaggo ta ce in ta tambaya, dole in buɗe baki in ce na yi mata ƙarya, ita kuwa ba za ta sa ɗiyar da ta riƙe cikin wannan kunya ba. Har gindin gawon ba ta daina zuwa ba, don kada in gane.

Ban yi kuka a wurin ba. Washegari na nemi amalanke na tafi barajin sama. Na ƙirga daga gefen gabas, ɗaya, biyu, uku. Layin ƙasa ya daɗe da nutsewa, ƙasar da korama ta kawo ta binne shi ta ɗora, wani mutum na ban ruwan albasa a kai. Ya ga ina ta kai da kawowa ya ce, “Hajiya, kin ɓad da wani abu?” Na ce e. Ya tambaye ni mene ne ya taya ni nema, na juya na koma kan amalanke.

Mutane kan ce tun da aka yi barajin ba a sake aza wa kowa dutse ba, duwatsun matattu ne suka tsare masu rai. Na yarda, kuma ban ce kada a yi baraji ba. Amma tsauni cike yake da duwatsu, tafiyar ɗan lokaci ce ta hana ni hawa. Jan dutsen da na aje yana nan a gindin gawo har yau. Kwanaki na ga wani mushe, malamin makaranta, ya kawo 'yan lakwal yana nuna musu shi, wai shi kaɗai ya rage daga tulin kakanni. Na tsaya daga nesa ina kallonsu har suka tafi.

Na ainihin yana barajin sama, raga ta uku daga gabas, layin ƙasa. A kan amalanke ba a kai rabin sa'a ake isa. A shekarun farko yana waje, hannu na kai gare shi. Gwaggo na can bakin gari tana lalube inda ba ya nan, da yamma ta miƙo mini yatsunta in wanke da ruwan gishiri, ina yi mata faɗa a kan kaba.