Garba da iskar dariya

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Garba makwancinsa. Abokina ne tun muna yara a Gyadi-Gyadi, lokacin unguwar ba ta wuce 'yan gidajen ƙasa da gonakin dawa a bakin hanyar Zariya ba. Ni na zama bakanike, ina gyaran manyan motocin da ke ɗauko gyaɗa. Shi kuwa ya sami aiki a asibiti, a ɗakin tiyata, inda aka koya masa shaƙa wa marasa lafiya iskar da ke ɗauke zafi. Iskar dariya ake ce mata, don wasu kan farka suna ƙyalƙyala dariya.

Tun kafin a sami mulkin kai, wata rana da hantsi jak ɗin da muka ɗaga mota da shi ya zame, lori ta danne mini hannun dama. Ƙashi ya karye, nama ya tsage. Aka kai ni gida, aka kira mai ɗori. Da aka kwana biyu, hannun ya kumbura, ya fara wari. Duk da haka na ƙi asibiti. Ba wuƙa nake tsoro ba. Abin da ake faɗa a unguwa shi ne, in an kifa maka robar nan a hanci sai ka tafi ba ka sani ba, kuma wasu ba sa dawowa. Ni kuwa ba na so in mutu ban yi kalmar shahada ba.

Garba ya zo a kan kekensa, ya kwance tsumman, ya daɗe yana duban hannun. Ya juya ga mahaifiyata ya ce, "Inna, in aka bar shi haka, yanke hannun za a yi. Ki ba ni shi yau."

Ta ce, "In bai farka ba fa, Garba?"

Ya ce, "Rai na Allah ne. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne ba zan ɗaga daga kansa ba."

Ni kuma ya ce mini in yi shahadata a nitse, ba zai sa robar ba sai na gama. Haka aka yi. Muka faɗa tare, sannan na ji muryoyi suna nisa. Da na buɗe ido, yatsunsa na kan wuyan hannuna na hagu, yana bin bugun jinina. Da wannan hannu na dama na yi aiki har tsufa, da shi na ciyar da 'ya'ya bakwai.

Yanzu jikana Sagir ne ke riƙe da garejinmu a Tarauni. Kwanakin baya wasu samari suka kawo masa mota da wata 'yar tukunyar gas, wai a haɗa ta da inji. Ya yi mini bayani cewa in aka fesa iskar, mai yana ƙara ci, motar ta zabura kamar an harbo ta. Tsere suke yi da ita a titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta. Da na tambayi sunan iskar, ashe iskar Garba ce. Kuma ita ce wasu ke ɗurawa a balan-balan suna zuƙa don nishaɗi. Ɗan maƙwabcinmu, Nura, saurayi mai ƙarfi, ita ya yi ta zuƙa, yanzu da bango yake dogarawa, ƙafafunsa sun fara mutuwa.

Na yi ta tunanin abin da Garba zai ce. Ba na jin zai zagi iskar. Ya sha gaya mini cewa ita ba ta san mai rai da gawa ba, shi ya sa ba a ba da ita sai an gauraya ta da iskar numfashi, kuma sai da mutum a tsaye yana kallon ƙirjinka. Samarin nan ba wanda ke tsaye a kansu. Na san dai ba zai zauna a kan tabarma yana cewa zamani ya lalace ba. Kekensa zai hau.

Don haka na ce wa Sagir, muddin ina numfashi ba za a ɗaura tukunyar nan a garejin da na kafa ba. Ya ce za su kai wani wuri. Na ce su kai, amma ya karɓo mini sunayen iyayensu. Na je gida biyu, saura ɗaya.

Mahaifin Nura kuwa kunya ta sa ya ɓoye shi a ɗaki, yana cewa sammu ne. Na shiga har ɗakin, na zauna a bakin katifa, na ƙi tashi sai da uban ya yarda a kai shi asibiti. Likita ta ce akwai fata, in ya daina zuƙa ya kuma jure allurai.

Garba bai bar gida na siminti ba, hotonsa ma ɗaya ne ya rage. Abin da ya bari shi ne wannan naci, na ƙin tafiya ka bar mutum shi kaɗai da abin da zai cinye shi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ranar Litinin za a yi wa Nura allura ta gaba, kuma na riga na gaya wa mai Adaidaita ya zo da wuri.