Ƙarin Kuɗi a Asusun Matan Gozaki

A Gozaki, in aka ce Malama ba a ƙara suna ba, Amatullahi ake nufi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a firamare, har sai da ta koyar da 'ya'yan waɗanda ta koyar. Mahaifinta manomin auduga ne, kuma cikin 'ya'yansa mata ita kaɗai ta kai kwalejin horon malamai. Mijinta Malam Ummaru tela ne. Ya rasu saura shekara biyu ta yi ritaya, ya bar mata gona a bayan gari da keken ɗinkin da ba ta iya takawa ba. Keken ta ba ƙanensa, gonar ta riƙe, tana noma masara da waken suya.

Da matan garin suka kafa ƙungiyar manoma, ba a yi gardama kan ma'aji ba. Tsarinsu mai sauƙi ne: su tara masara da kaka, su sayar in ta yi daraja, su ajiye kuɗin har lokacin sayen taki. Bana aka ce kuɗin sun fi ƙarfin akwati, sai aka buɗe asusu a wani banki a Malumfashi. Ranar ɗaya ga Afrilu Malama da shugabar ƙungiya, Hajiya Kulu, suka zuba naira miliyan uku da dubu ɗari shida da hamsin.

Ƙarshen watan, tana tsince waken iri, alat ya shigo wayarta: an ƙara naira dubu biyar da ɗari huɗu. Ta bi matan ƙungiyar gida-gida tana tambaya ko wata ta tura kuɗi. Babu. Ƙarshen Mayu wani ya sake shigowa, dubu biyar da ɗari biyar da tamanin da takwas. A taron farkon Yuni ta miƙe ta faɗa musu yadda abin yake, ta ce ba ta san daga ina ba.

Hajjo, maƙwabciyarta ta katanga ɗaya, ita ta fara magana. "Malama, ba zarginki nake ba. Amma kuɗin da za su shigo ba ki sani ba, ai za su iya fita ba ki sani ba."

Malama ta rufe littafinta. Maganar ta yi mata zafi, kuma abin da ya fi damunta shi ne ba ta ga kuskure a cikinta ba.

Ranar sha ɗaya ga Yuni suka hau mota da Hajiya Kulu zuwa Malumfashi don cire kuɗin taki, miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da ashirin da biyar. Da aka gama, Malama ta ja kujera gaban wata ma'aikaciya mai suna Zakiyya, ta miƙa mata wayar.

"'Yata, wa yake ƙara mana waɗannan?"

Zakiyya ta duba kwamfuta. "Kuɗin ruwa ne, Mama. Irin asusun da aka buɗe muku ke nan, kashi biyu cikin ɗari a shekara."

"Innalillahi," in ji Hajiya Kulu. "Ruwa? Mu muka ce muna so?"

"Yana cikin takardar da kuka sa wa hannu, Hajiya."

Malama ta tuna takardar, shafi huɗu da ƙananan rubutu, ga layi a bayansu ana ta tsaki. Ba ta karanta ba. Ta ciro biro daga jaka.

"To in a shekara ne, me ya sa yake zuwa wata-wata, kuma bai zo daidai ba?"

"Kullum ake lissafawa. Abin da ya kwana a asusu ranar, a fitar da kashi biyu cikin ɗarinsa, a raba gida ɗari uku da sittin da biyar. Wannan shi ne na rana ɗaya. Ƙarshen wata a tara na kwanakin, a cire harajin gwamnati kashi goma cikin ɗari, a zuba muku saura."

Malama ta yi lissafin a bayan rasit. Dubu saba'in da uku a shekara, wato naira ɗari biyu a rana. Afrilu kwana talatin, dubu shida, a cire ɗari shida. Ya fito daidai. Mayu kwana talatin da ɗaya, ya ba ta dubu biyar da ɗari biyar da tamanin.

"Saura naira takwas," ta ce.

Zakiyya ta yi murmushi. "Ba a taɓa tambayata naira takwas ba. Na Afrilu da aka zuba muku ne, shi ma ya kwana a asusun duk watan Mayu, ya jawo nasa."

A taro na gaba Malama ta zo da alli. A jikin ƙofar ƙarfen gidan Hajiya Kulu ta rubuta komai, tana tsayawa tana tambaya ko an gane, kamar yadda ta saba. Sannan ta lissafa na Yuni tun bai zo ba: kwana goma da cikakken kuɗi, kwana ashirin bayan an ciri na taki. Ta rubuta dubu uku da ɗari shida da sha shida, ta ce kada a goge. Da wata ya ƙare alat ya shigo, ta aika wa Hajjo wayar ta gani da idonta. Haka ya zo.

Sauran magana ta malamai ce. Suka je wurin limamin unguwa, Malam Zainulabidin. Ya saurare su har ƙarshe, ya ce kada ƙungiya ta ci ko kwabo na kuɗin ruwan, a ware shi tsaf a sa a wani aikin jama'a, ba da niyyar sadaka ba, kuma a sauya asusun. Na wata ukun ya kama dubu goma sha huɗu da ɗari shida da huɗu. Aka sayi buhun siminti da shi, aka gyara bakin kwalbatin da ruwa ya cinye a hanyar kasuwa. Ranar ɗaya ga Yuli suka koma Malumfashi aka mayar da su asusun da ba ruwa. Wannan karon Malama ta karanta takardar layi-layi, minti ashirin, masu jira suna ta gunaguni.

Har yanzu ita ce ma'aji. Idonta ya fara rauni, ta sayi tabarau a Funtuwa. Da Hajjo suna gaisawa, suna aron turmi, ba a dai koma zaman hira kamar da ba. Masararta ta yi kyau bana, sai dai waken suyan ruwa ya yi masa yawa.