Ranar da Na Ƙame a Gaban Bappa

Ni na ja fareti, jama'a! Ni ɗin nan da na fi kowa shan tsallen kwaɗo a sansanin. Shekara uku ke nan, har na shiga jami'a, amma wallahi ranar nan ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Lokacin dogon hutu ne aka kwashe mu 'yan kadet na sakandare, sojoji suka ba mu horon sati uku. Gudu, birgima a taɓo, gwale-gwale, duk na shanye. Matsalata ɗaya ce, gwiwata. A gidanmu a Kumbiya-Kumbiya, Bappa, yayan babana da ya riƙe ni, bai taɓa ganin na gaishe shi a tsaye ba. To da Saje mai horar da mu ya doso ni, kafin in tuna da sarawa, na riga na kai ƙasa ina "ina kwana". Gayu su fashe da dariya, ni kuma tsallen kwaɗo har bakin get. Sau nawa? Ku bari kawai.

Duk da haka muryata ta fi ta kowa ƙarfi, sai Saje ya ce ni zan ja faretin rufewa. Amma da sharaɗi: gwiwar nan ta lanƙwashe ko sau ɗaya, zai karɓe sandar jan faretin a gaban kowa ya ba wani.

Ranar, a filin wasa na Pantami, aka ce iyaye su zaga su duba layi. Ina ƙame sai ga Bappa cikin babbar riga, ya tsaya daidai gabana yana kallona. Saura ƙiris in durƙusa, ga Saje a gefe ya zuba ido. Na cije, na buga ƙafa, na sara masa. Tsohon nan ya wuce abinsa. Na ce shi ke nan, na ci fareti na ɓata a gida.

Ana sallamarmu na sheƙa na zube gabansa, da kaki da komai. Sai na ji wani ya durƙusa kusa da ni. Saje ne fa, hula a hannu, yana gaishe da Bappa!

Bappa ya dube ni yana dariya, ya ce, "Da ka durƙusa ɗazu, da ni zan sa ka tsallen kwaɗon."

Ranar na gane ladabin ɗaya ne, sanin inda za ka ƙame da inda za ka zube shi ne horon. Don Allah ku tura wa wasu, musamman ƙannenmu masu shirin shiga sansani bana.