'Yar Gyartai a Bakin Nilu

Ko da zan manta komai na zamana a Alƙahira, ranar da na huda jirgin ruwa da hannuna tana nan daram.

Lokacin ina zaune wajen yayana a unguwar Ard al-Liwa, shi yana karatu, ni ina aikin gida wajen wata dattijuwa Bamisriya da nake kira Madam. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗan jirgin ruwa na roba mai tauri, irin wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura. Duk Alhamis ni ke wanke shi a kan tudu. Ruwan kuwa ko bakinsa ba na zuwa, don ban iya iyo ba.

Sai tsaga ta fito a samansa, daf da gindin sandar ƙyallen. Tsohon da ke kula da jiragen da ake ajiyewa a bakin Nilu, muna ce masa Ammu, ya shafe ta da gam sau biyu, sau biyu tana dawowa har da ƙarin tsawo. Ya ce wai bokitina nake dangwarawa a wurin. Madam ta ce, “Khalas, shi ke nan. In ta sake buɗewa, ki nemi wani gidan.” Na san in aikin nan ya tafi, gida yayana zai mai da ni.

Na tsuguna ina kallon tsagar, sai na ga kamar ƙwarya ce a gabana. Babana gyartai ne, a kan ɗinkin ƙorai muka tashi. Kafin ya soma ɗinki, sai ya huda ɗan rami a ƙarshen tsaga don ta sami inda za ta tsaya.

Na ce, “Ammu, ara mini abin huda.”

Ya riƙe baki. “Jirgi za ki huda, yarinya? A garinku ƙofa ake yi wa ruwa?”

Madam ta ce masa, “Ba ta.”

Na huda rami biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Na kankare tsagar ta buɗe baki, na goge ƙurar, na cika da gam ɗinsa, na shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi da ake facin jirgi da shi a kai. Da ya bushe bayan kwana biyu, na goge shi sumul.

Ashe ban gama ba. Ammu ya ce a nan wanda ya yi gyara da shi ake fitar farko. “Yalla, shiga!”

Suka ɗaura mini rigar ruwa. Muna kaiwa tsakiyar Nilu iska ta cika ƙyallen, jirgin ya karkata, sandar ta yi ƙara. Na runtse ido, na danne gyaran da tafin hannuna, babu addu'ar da ban karanta ba. Ina jiran in ji ya tsage a ƙarƙashin yatsuna. Shiru. Ammu ya sa ƙafa ya taka wurin da ƙarfi, ya sake takawa.

“Tamam, ya yi,” in ji shi, yana kallon gefe. “Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Ba bokitinki ba ne.”

Da na sauko sai na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Tsagar ba ta dawo ba. Wata na zagayowa Ammu da kansa ya kira ni in duba masa wani jirgin.

A makaranta in an tambayi sana'ar babana, manomi nake cewa. Tun daga ranar nan na daina. Na gane abin da ka koya a tsakar gidanku bai kamata ka raina shi ba, don ba ka san a wane gari zai tsaya maka ba. Ruwa dai har gobe tsoronsa nake ji.