Munduwar da Hambali Ya Rufe

Hambali maƙerin azurfa ne a Fagam, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani aro kamarsa ba. Mu maƙwabtansa ne, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka na sha jin faɗansa tun ina ƙarami. Ya ce yakan ɓata mako yana ƙera 'yan kunne, a kai wa amarya, kafin wata ya ƙare ya gan su a kunnen wata mata daga Kwandiko wadda ko sunan amaryar ba ta sani ba.

Aikinsa nauyi gare shi. Idan mace ta ce a rage kauri, sai ya ce ai ba ita kaɗai yake yi wa ba, har da jikarta. Mata suna tsaki, suna kuma dawowa.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ya narka azurfar da ya gada wurin mahaifiyarsa, ya ƙera wa matarsa Safiyatu munduwa. Ya san halinta, ba ta iya cewa a'a. Don haka ya sa mata a hannu, ya kama kawunan biyu da awartaki ya murɗe su suka sarƙe.

"Malam, in zan yi dambu fa?"

"Ki yi da ita."

"In ƙawata Barira ta zo aro?"

"Ki ba ta har da hannun."

Ya ce ranar da za a kai 'yarsu Kubra ɗakin miji zai san yadda zai buɗe, ta koma hannunta lafiyayya, ba tabo. Kubra tana goye a lokacin.

Da kuɗin fetur suka shigo, alhazai suka fara dawowa da gwal daga Makka, azurfa ta zama kayan tsofaffi. Hambali ya koma liƙin tukwane da gyaran fitilu. Bai yi ƙorafi ba, ya dai ce gwal ɗin bai fi ɓawon albasa kauri ba. Safiyatu kuwa ta haihu ta ƙara haihuwa, ta yi jiki, munduwar ta samu wurin zama a cikin naman hannun.

Ana shirin bikin Kubra ciwo ya kwantar da Safiyatu. Aka kai ta asibitin Birnin Kudu, aka dawo da ita, ta cika da hantsi. Mata suka shiga yi mata wanka, sai ga munduwa. Ba a sa mutum a likkafani da ado. Suka gwada sabulu, suka gwada man shanu, ko motsi ba ta yi ba. Maza na zaune a ƙofar gida, an gama haƙa kabari, rana tana ɗagawa.

Barira ce ta leƙo zaure ta ce, "Malam, aikinka ya ƙi fita."

Ya ce, "Ai na faɗa."

Ya tashi ya ɗauko awartaki ya shiga. Mahaifiyata tana ciki, ita ta ba mu labari. Ta ce ya sa awartakin ya gwada, ya ga ba za ta buɗe ba sai ya danne hannun. Ya ajiye. Ya dubi Kubra ya ce, "Ki yafe mini, da tabo za ki same ta." Ya aika aka kawo magagari, abin goge ƙarfe.

Ya yagi bakin rawaninsa, ya cusa tsakanin azurfar da fatar Safiyatu, ya ɗora hannun a cinyarsa, ya shiga gugawa a hankali, yana hure garin da ke zuba mata.

Liman ya aiko a ce masa jama'a na jira, ya ɗan hanzarta.

Hambali bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ku ce ya yi haƙuri. Kada in ji mata ciwo."