Ƙotar da Ka Sassaƙa wa Hannuna na Baɗi

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kafinta, wanda yaran layinmu ke kira Baba Zarto, bayan jinyar watanni. Ina zaune gaban faifan juyin da nake gina tukwane a kai, hannuna dumu-dumu da yumɓu, sai autarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ɗage ƙafata daga kan mataki, na zuba wa faifan ido har ya tsaya don kansa.

Maƙwabci, bari in yi magana da kai kamar yadda muka saba. Ni maginin tukwane ne, kai mai katako, bango ɗaya ne tsakanin shagona da naka fiye da shekara ashirin. Kullum da safe kakan ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma, ni kuma in amsa da gwiwar hannu, don hannuwana ba sa rabuwa da laka. Gaisuwarmu ke nan. Har yau in na buɗe shago sai in tsinci kaina na kasa kunne.

Ga wanda bai san sana'armu ba, in an gina kwano a kan faifai, akan bar shi ya sha iska har ya yi taurin sabulu, sannan a kife shi a kankare gindinsa, a rage masa nauyi, a fitar masa da mazauni. Ana yin wannan da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kaifi, makankari. Na kasuwa duk don masu hannun dama aka yi su, ni kuwa bahago ne. Kaifin yana kwance ta inda ba nan nake ja ba, sai ya riƙa tsalle a kan yumɓu yana barin tabo. Shekaru na yi ina fama, ina ɗora wa kaina laifin rashin iyawa.

Wata rana ka ji ni ta bango ina ta mita. Ka shigo da garin katako a hularka, ka ce, "Bahago, da wa kake faɗa tun safe?" Na ce da ƙarfe. Ka karɓi makankarin ka juya shi, ka dubi hannuna, sannan ka gutsuri yumɓu ka cura shi ka miƙo mini. Ka ce, "Matse wannan yadda kake riƙe abin aikinka." Na matse, ka karɓe ka fita, ba ka yi mini wani bayani ba.

Bayan 'yan kwanaki ka dawo da abin da har yanzu ban ga irinsa a kasuwa ba. Karyayyen ruwan zarto ne ka gasa a kan risho har ya yi ja, ka lanƙwasa da filaya, ka share haƙoransa da magagari, ka wasa kaifin ta ɓangaren bahago. Ƙotar kuwa daga ƙafar wata tsohuwar kujera ka fitar da ita, ka sassaƙa mata gurbin kowane yatsa bisa sawun da na bari a jikin yumɓun nan, ka ɗaure da wayar jan ƙarfe. Da na ɗora shi a gindin kwano, yumɓu ya riƙa fita dogo-dogo kamar ɓawon lemo, ba tsalle, ba gardama. Na yi ta kankara har na kusa huda kwanon, kana tsaye kana mini dariya.

Tun daga nan ba ƙarfen da ya tsira daga hannunka. Haƙarƙarin laima, tsohon tef ɗin awo, ƙarfen da ake ɗaure manyan kaya da shi, duk tsincewa kake yi. Maiɗakinka takan ce fita da kai abin kunya ne, don idonka na ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Magina daga wasu layuka suka ji labari suka riƙa zuwa, maza da mata, kowa kuma sai ya matse yumɓu kafin ka taɓa katako. A wurina ba ka taɓa karɓar komai ba sai kofin shayi, shi ma wanda ya karkace a wuta. Kakan ce mai kyau 'ya'yanka za su ɗauke, karkatacce ne kaɗai zai zauna maka.

Alherinka ba ya shawara da mutum. Lokacin da uwar 'ya'yana ta rasu, ba ka yi mini dogon wa'azi ba. Ka lura na daina komawa gida da rana, sai ka haɗa benci ka ajiye tsakanin ƙofofinmu, ka riƙa fitowa da abincinka kana cewa ya yi maka yawa. Ni da kai mun san bai yi yawa ba.

Daga baya sanyin ƙashi ya shiga hannuna. Likita ya gaya mini gaskiya, yatsun za su ci gaba da naɗewa, magani sai dai ya rage zafi. 'Ya'yana, da kowannensu ke nesa da iyalinsa, suka fara kira suna cewa in rufe shago in koma wurinsu in huta. Na san don ƙauna suke faɗa. Amma faifan nan shi ne abin da ke tashe ni da safe, kuma ina tsoron ranar da zan zauna a ɗakin wani ina kallon hannuwana. Ran da makankari ya suɓuce mini ya tsage tulun da na gama ginawa, na zauna na ce shi ke nan, ta ƙare. Kai kuwa da ka ji faifai ya daɗe bai juya ba, sai ga ka da curin yumɓu. Kalma ɗaya ka faɗa: "Matse." Daga nan ya zama duk shekara sai ka auna hannuna ka sassaƙa sabuwar ƙota, tana ƙara kauri, gurabenta na bin yatsuna duk inda suka karkata. Da ƙotocinka na ci gaba da aiki shekarun nan.

Bara, da ciwo ya fara cin ƙarfinka, ka kawo mini wani makankari ba tare da ka auna ni ba. Na riƙe, bai zauna ba. Ƙotar ta yi kauri, gurbin ƙaramin yatsa ya yi can ciki inda nawa bai kai ba. Na yi godiya, na sa shi a durowa, raina ya ɓaci don tausayinka. Na ɗauka ciwo ya taɓa ido da hannun da ba su taɓa kuskure ba.

Makon jiya autarka ta buɗe shagonka don kwashe kaya, ta kira ni. A kan kantar da ke bayan teburin aiki na ga busassun curarrakin yumɓu a jere, hannun kowane magini da wurinsa. Jerina ya fi na kowa tsawo. Ban taɓa ganinsu a haɗe ba sai ranar, na ga yadda hannuna ya yi ta rufewa shekara bayan shekara. A ƙarshen jerin akwai guda biyu da na tabbata ban taɓa matsawa ba, don sawun wuƙa ne a jikinsu. Kai ka sassaƙa su, ka bi yadda yatsun ke tafiya ka kai su gaba.

Ta ce, "Baffa, wannan Baba ya ce hannunka ne na baɗi, ya riga ya ba ka nasa makankarin. Wancan kuma na baɗin baɗaɗa ne." Ta miƙo mini wani a naɗe cikin tsumma. "Ya ce kada in ba ka sai ba ya nan, don ya san za ka yi masa gardama."

Na koma shago na buɗe durowa, na ɗauko makankarin baran nan. Na naɗe yatsuna yadda suke yi a safiyar da ciwon ya fi tsanani, na riƙe ƙotar. Ta zauna daram. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar Laraba. Da yamma babban ɗana ya kira da maganar rufe shago, na ce masa ya ƙara haƙuri, an riga an tanadar mini kayan aikin shekara biyu.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya sauƙaƙa wa hannuwan bayinKa aiki, Ka sauƙaƙa masa hisabi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa, musamman autar da ta yi jinyarsa ta kuma riƙe amanarsa, da jikokinsa, da duk maginin da ya taɓa matsa masa yumɓu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Maƙwabci, yau da safe na ƙwanƙwasa bangon da gwiwar hannu, ko da yake na san ba mai amsawa. Sannan na zauna na tayar da faifai.