Ranar da Yaya Ya Kai Mu Hawan Dutse

Yayana ya je kwas ƙasar waje a kan noman rani, ya dawo bai kawo mana ko irin tumatir ba. Abin da ya kawo shi ne labarin wani dutse mai aman wuta. Wai da aka gama kwas ɗin an kwashe su zuwa wani gandun daji na gwamnati, suka hau dutsen da ƙafa, suka gangaro suka zagaya wani tafki da ke gindinsa, suka dawo daidai inda suka faro. Na tambaye shi abin da suka samo. Ya ce ai ba a zuwa don a samo wani abu. Na ce to aikensu aka yi? Ya ce a'a. A nan ya kamata in miƙe in koma shagona na taki da maganin feshi a Funtua, amma shi ne babba, kuma shayinsa nake sha.

Bai huta ba sai da ya gano wani dutse tsakanin Malumfashi da Kafur, wanda ke da dam a gindinsa. Ya ce namu dutsen ba ya aman wuta, amma za mu yi haƙuri da shi haka. Na gode wa Allah da wannan rashi.

Na ukunmu amininsa ne, wani Alhaji mai kantin yadi, mutum mai jiki, wanda ko masallacin unguwa a kan babur yake zuwa. Da ya ji an ambaci dam, shi gasasshen kifi ya hango. Don haka ranar Asabar ɗin da muka tsayar don tafiyar ya fito cikin farar shadda mai sitati da takalmi sau-ciki, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yaya kuwa ya fito da wando mai aljihuna har gwiwa, da hula mai faɗin faifai, da jaka a baya, da sandunan ƙarfe guda biyu.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Malam, ƙafar ce ta samu matsala?”

Yaya ya ce, “Haka ake yi a can.”

Muka bar mota a wani ƙauye da ke gefen titi, muka kutsa cikin gonaki. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mu tsayi, iska ba ta ratsa ta, ƙasa kuma da sauran laka. Kafin mu kai gindin dutsen shaddar Alhaji ta tashi daga fara, ƙarangiya ta yi wa ƙafar wandonsa ado. Manoman da ke karyar masara suka riƙa dakatawa suna yi mana sannu, irin sannun da ake yi wa wanda motarsa ta lalace. Wani ma ya nuna mana inda ake samun 'yan acaba. Yaya ya ce mun gode, da gangan muke tafiya. Mutumin ya ce, “To, Allah ya sawwaƙe.”

Hawan kansa ba zan ce komai ba, tunda ba da ƙafa kaɗai na yi shi ba, har da hannu da gwiwa. Yaya na gaba, sandunansa na ƙwas-ƙwas a kan dutse suna zamewa, yana ce mana mu riƙa jan numfashi ta hanci. Alhaji na baya yana ja ta duk inda ya samu. Duk inuwar da muka tarar sai ya zauna ya ce yana kallon ikon Allah ne, alhali idonsa a rufe.

Amma da muka kai ƙololuwa, gaskiya na ga abin kallo. Ga gonakin dawa da auduga shimfiɗe har iyakar gani, ga rufin kwano na ƙauyuka na walƙiya, ga dam ɗin kwance a ƙasa, balbelu na bin shanu a bakinsa. A ƙasar nan aka haife ni, taki nake sayar wa masu gonakin nan, ban taɓa ganin su a haɗe haka ba. Na so in daɗe ina kallo. Sai Yaya ya ɗaga sanda ya fara nuna mana hanyar da za mu bi: mu sauka ta gabas, mu zagaye ruwan, mu ɓullo ta bayan ƙauyen da muka bar mota. Yana nunawa, yana ɗaukar hoto da waya, yana sake nunawa.

Ashe duk wannan nune-nunen ana kallonmu daga ƙasa.

Muna sauka muka tarar da 'yan sintiri uku na wani ƙauye da ke bakin dam suna jiranmu, da bindigoginsu na toka. Ban ga laifinsu ba. A irin wannan zamani, ka ga baƙi sun hau dutse suna nuna garinku da sanda, ba za ka ce yawon buɗe ido suke yi ba. Babbansu ya amsa sallamarmu, ya ce me muke nema.

Yaya ya ce, “Ba ma neman komai. Tafiya kawai muke yi.”

“Zuwa ina?”

“Inda muka fito.”

Mutumin ya dubi 'yan'uwansa, ya ce mu taho mu gaisa da Mai Unguwa.

Mai Unguwa dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwan randa, mutanen gari suka cika ƙofa. Nan fa kowa ya kawo tasa fassarar. Wani ya ce masu neman zinare ne, sandunan nan su ke jiyo shi a ƙarƙashin ƙasa. Wani ya ce a'a, masu awon hanya ne, kuma idan haka ne yana roƙo a bi da ita ta gefen gonarsa, ba ta tsakiya ba. Aka zazzage jakar Yaya, aka samu dabino, da gorar ruwa, da man shafawa na kare fata daga rana. Man nan ya zagaya zauren hannu zuwa hannu, kowa na shinshinawa.

Yaya ya gyara zama ya ba su labarin dutse mai aman wuta tun daga farko, har da tafkin. Mai Unguwa ya saurara da kyau, sannan ya ce, “To Malam, su mutanen can, da suka ga dutse na aman wuta, sai suka nufe shi?”

Yaya ya ce ai ya daɗe da dainawa.

“Shi ya gaya musu ya daina?”

Alhaji ne ya cece mu, ba da niyya ba. Ya cire takalmansa don ƙafarsa ta sha iska, sai ga ƙafafu sun kumbura sun yi bororo. Mai Unguwa ya leƙa ya gani, ya ce a bar bayin Allah su tafi, babu mugun da zai fito aiki da irin wannan takalmi. Ya sa aka dama mana fura, ya kuma ce a nemo mana babura.

Alhaji bai jira an maimaita ba. Ya haye bayan wani mai babur, takalma a hannu, ko sallama bai yi mana ba. Ni ma na ɗaga ƙafa zan hau, sai Yaya ya ce, “Kai ma?” Da muryar da yake kirana da ita tun ina ƙarami ya faɗa. Na sauke ƙafata.

Haka muka ƙarasa zagayen dam ɗin mu biyu, ta cikin fadama, laka na cire mini takalmi ina komawa ina ɗaukowa. A wani wuri sandarsa ɗaya ta nutse, ya ja, ya ja, ta fito rabi. Ni dai na ji sauƙi a raina ƙwarai. La'asar sakaliya muka iso mota, muka tarar da Alhaji kwance a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya aika an sayo masa kifin da ya fito dominsa, ya cinye, ya bar mana kawuna.

Washegari gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa, a zaune na yi sallar azahar a masallacin unguwarmu. Da aka idar, liman ya matso ya ce, “Subhanallahi, me ya same ka?” Kafin in buɗe baki, Yaya, wanda shi ma bango ya dafa ya miƙe, ya ce, “Babu komai, Malam. Hutawa muka je yi jiya.”